Buta Ɗaya a Gonar Masakwa

Da sunan Allah Mai ciyar da tsuntsu a sama da tsutsa a cikin dutse, tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ni Idrisa mahauci, mafi ƙarancin sani cikin waɗanda suka durƙusa a gaban Shehinmu, malamin malamai, masanin fiƙihu da tafsiri, mai tsentseni da gudun duniya, wanda Hausawan Garwa da Fulaninta suka haɗu a kan ganin girmansa, Allah Ya ƙara masa yarda, ina so in ba da labarin abu ɗaya da idona ya gani. Ba zan ambaci sunansa ba, domin shi da bakinsa ya hana, kuma mutuwarsa ba ta ɗage mini hanin ba.

Daga cikin halayensa, Allah Ya jiƙansa, ba ya raina ƙaramin abu. In allura ta ɓace masa ya gan ta, sai ya yi hamdala kamar wanda aka yi wa albishir da haihuwa, kuma ko takalmi zai sa sai ya yi bisimilla a bayyane. Ni kuwa, astagfirullah, a raina nakan ce abin ya yi yawa. A ganina addu'a ta manyan al'amura ce, ciwo da mutuwa da tafiya Makka, sauran kuwa mutum ya yi da dabararsa.

A zamanin mulkin shugaba Ahijo ne, kafin a datse kogi a Lagdo, cikin shekarun da suka biyo bayan babban fari, aminina Mahmudu ya rasu a ƙarshen damina. Ya bar matarsa Kaltuma da 'ya'ya mata uku, ya bar gona ɗaya ta laka a hanyar Pitowa, irin wadda Fulani ke kira karal, inda ake dasa masakwa bayan ruwa ya janye. Wanda bai san masakwa ba, dawa ce da ba ta ganin ruwan sama. Ana yafa irinta a bayan gida, in ya tasa a tuge, a kai gona, a huda rami, a zuba ruwa ɗan kaɗan, a sa dashe, shi ke nan sai girbi. Mahmudu ya yafa irin da hannunsa kafin ya kwanta, kuma a wannan gona abincin gidansa na shekara yake. Kaltuma tana cikin takaba, ba ta fita. Ni na bugi ƙirji na ce kada kowa ya damu, dashen nan a wuyana yake.

Wallahi ban taɓa riƙe fartanya ba, gadon fawa na tashi a ciki. Amma akwai wani dattijo maƙwabcin gonar, Malum, da ya yi alkawarin nuna mini aikin. Bayan sallar asuba na tuge irin kaf, na ɗaura dami biyu a keke na kama hanya. Tsautsayi ya bi da ni ta bayan abatuwa, wato mayanka, sai ga wani bijimi fari da aka sauko da shi daga Marwa. To, mahauci ba ya wuce sa mai ƙiba bai taɓa ƙugunsa ba, ciwonmu ne. Na jingine keken a jikin shingen shanu na shiga, ina latsa tozo, ina musu da dillali a kan kitsen dabbar da ba ni zan saya ba. Ko a raina ban kawo cewa ɗanyen ganye na jingina a hancin shanun da suka kwana da yunwa ba.

Da na fito, wayyo Allah! Shanu uku sun zuro kai ta shinge, sun aske damin nan har kusa da igiya. Abin da ya rage guntaye ne, saiwa da kara tsawon ɗan yatsa. Na zauna a ƙasa dirshan, mahauta 'yan'uwana suna dariya, har sai da suka ji ko na wane ne, sannan suka daina. A shekarar nan babu mai ragowar iri, kuma lokacin sake yafawa ya wuce.

Na tattara guntayen, dami biyu suka shige buhu ɗaya, na nufi gidan Shehi. Na tarar ya tashi karatun safe yana zaune a kan buzunsa. Na faɗa masa komai, har da abin kunyar da raina ke raya mini, wato in ce wa Kaltuma an dasa, in ya so daga baya a ɗora wa fara laifi. Ya saurare ni bai katse ni ba, ya sa hannu a buhun ya ɗauki guntu ɗaya ya juya shi.

Ya ce, "Fara zuwa ka faɗa mata gaskiya, Idrisa. Ba a dasa amana a kan ƙarya. Sannan ka dawo ka ɗauke ni."

Ban taɓa tafiyar da ta yi mini nauyi kamar wannan ba. Na yi sallama a zaure, ta amsa daga bayan asabari, na zayyana mata da bakina. Ina jin ƙaramar 'yar tana tambaya ko Baba Idrisa ya zo da tsire. Can sai Kaltuma ta ce, "Shi ke nan, Malam Idrisa. Su ma shanun bayin Allah ne, rabonsu suka ci. Kada ka sa abin a ranka." Na rantse da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Shehi ya cika butarsa ta alwala daga randa, tsohuwar butar ƙarfe mai murfi, ya hau bayan kekena da girmansa da rawaninsa, buhun yana kan cinyarsa. Muka iske Malum yana jiranmu da sandar huda rami. Da ya buɗe buhun sai ya saki salati, ya dube ni daga sama har ƙasa.

Ya juya ga Shehi, ya kira shi yadda Fulani ke kiran babban malami, ya ce, "Modibbo, Allah Ya ba ka nasara, mu ma mukan datse bakin ganye kafin mu dasa, amma wannan an cinye har zuciyar. Ga shi kuma an makara, tafkin da muke ɗiba ya koma taɓo. Kafin a yi sawu biyu daga kogin Binuwai rana ta gama da su."

Shehi ya ce, "Huda mana na farko, Malam Malum. Na biyu ba mu kai gare shi ba tukuna."

Malum ya huda, don kunya ba don yarda ba. Shehi ya miƙo mini butar ya ce in zuba a kowane rami gwargwadon abin da manoma ke zubawa, in yi bisimilla a kan kowane ɗaya, kada in haɗa biyu da bisimilla guda, kuma in bar murfin yadda yake. Shi kuwa ya naɗe hannun rigarsa ya bi bayana a sunkuye yana sa guntayen, malamin da manyan gari ke cire takalmi tun daga ƙofar gidansa.

Na lissafa a raina cewa butar ba za ta wuce rami goma ba. Muka yi goma, muka yi hamsin, muka ƙare layi muka juyo, ruwa yana fita ta bakin butar sanyi ƙalau, nauyinta a hannuna bai ragu ba. Malum kuwa sai leɓensa ke motsi. Da azahar ta yi, a butar nan mu uku muka yi alwala, muka sha, muka koma aiki. Ni dai hawaye nake ina bisimilla, har na daina ganin ramin sosai.

Amma hali zanen dutse. Mutumin da ba ya yarda da ƙibar sa sai ya latsa, yaya zai yi da buta? Da muka zo layin ƙarshe bayan la'asar, Shehi ya ba ni baya, sai na ɗaga murfin kaɗan na leƙa. Ban ga komai ba sai gindin buta da ɗan danshi. Na karkata ta, ko ɗigo. Na tsaya kamar ɓarawon da aka kama da akuya a kafaɗa.

Shehi ya waiwayo, bai ɓata fuska ba, har ma ya yi murmushi. Ya ce, "To, wannan layin na ƙafarka ne. Ari tulun Malam Malum."

Na tafi Binuwai a ƙasa, na ɗebo ruwa a ka, ina tafe ina zagin kaina, na tabbata na kashe wa marayu layi guda da hannuna bayan na farko da na yi musu. Muka dasa shi rana tana gab da faɗuwa. Malum ya kafa turke a bakin layin, ya ce yana so ya ga yadda zai ƙare.

Kwana takwas gonar tana nan kamar ba a sa komai ba, kullum sai na je na dawo jiki a sanyaye. Ran na tara Malum ya zo har rumfata a kasuwa, bai ko yi sallama ba, ya kama hannuna da jini da komai ya ja ni. Kowane rami ya fito da kore. Masakwar nan ta tashi ta yi kai, ba ta fi ta maƙwabta ba, ba ta kuma gaza ba.

Ranar girbi na kai wa Shehi zangarniya biyu, ɗaya daga tsakiyar gona, ɗaya daga layin turke. Ya ɗora su a tafin hannunsa ya ce in nuna masa ta buta. Na duba, na juya, na auna da hannu, na ce, "Allah gafarta Malam, na kasa rabewa."

Ya ce, "Wanda Ya cika butar Shi ne Ya cika kogin, Idrisa. Ka yi kuka a kan buta don rana ɗaya ka gan ta. Kogin kuwa tun kana yaro yake wucewa ta bayan gidanku, ba ka taɓa ce masa komai ba."

Kaltuma ta fita takaba ta tarar da rumbunta da hatsi, 'ya'yan Mahmudu suka ci tuwon gonar ubansu har wata damina. Ni kuwa har yau ban daina latsa ƙugun shanun mutane ba, amma ban sake jingine keke, ko buɗe rumfa, ko kai moɗa bakina ban ambaci Allah ba.

Wannan kaɗan ne daga abin da Allah Ya gudanar a hannun bawanSa, Shehinmu mai haƙuri da jahilcin irina. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ɗaukaka darajarsa cikin salihai, Ya jiƙan Mahmudu da Malum. Ya Ubangiji, don albarkar bayinKa na gari, Ka ba mu idon ganin kulawarKa a ramin da ke gabanmu, kada Ka bar mu da dabararmu ko da ƙiftawar ido. Amin.