Ragon Sunan Kwamfutar Kura

Ga ta nan ga ta nanku.

Ban ji amsa ba. Kai Shekarau, kife wayar nan a kan tabarma, ba guduwa za ta yi ba. Yauwa. Ta zo mu ji ta, haka ake cewa.

Wata rana Kura ta shiga birni ta sayo kwamfuta sabuwa dal, 'yar ɗorawa a cinya, irin ta yayarku Delu. Mai shago ya rantse mata cewa akwai rumbu a cikinta, rumbun da zai haɗiye hotunan duniya bai ƙoshi ba. Kura ta dawo daji tana hura hanci. Ta zuba hoton kilishi, ta zuba hoton balangu, ta zuba hotunan awakin mutane da take sa wa ido. Ba a je ko'ina ba kwamfuta ta ce ta cika.

Sai ta ɗauke ta ta nufi gindin kuka, inda Kurege ya kafa rumfar gyaran waya. Kurege ya buɗe, ya danna nan, ya danna can, sai ga hoton rumbun ya fito: ɗan guntu shuɗi a gefe, sauran duk baƙi.

Ni ma Delu ce ta nuna mini, ku saurara. Masu ƙera abin ɗaki ɗaya suka gina a cikin rumbun, suka bar sauran filin haka nan, ba bango, ba ƙofa, ba suna. Ita kuwa kwamfuta ba ta zuba kaya a wurin da ba shi da suna. Gyaran bai kai shan ruwa ba: a kewaye filin, a share shi, a ba shi harafi, shi ke nan.

Kurege ya san haka sarai. Amma ya tuna da ragunan da Kura ta tara a garke, sai miyansa ya tsinke.

Ya ce, "Yaya Kura, barka da arziki. Kwamfutarki juna biyu gare ta."

Kura ta ce, "Kai ɗan nan, ban son shashanci."

Ya ce, "Dubi baƙin nan. Ɗaki ne bai fito duniya ba. Sai an fito da shi, an yi masa aski, an raɗa masa suna. Kin taɓa ganin suna ba rago?"

Kura ta ce ba ta taɓa gani ba.

Aka raba goro, aka gayyaci daji. Kurege ya sa babbar riga, ya danna nan, ya danna can, ya yanki ɗan fili kamar tafin hannu, ya share shi, ya ba shi harafin D, ya ce sunan jariri Di. Kwaɗi suka rangaɗa guɗa. Maroƙa suka yi ta wasa Kura, uwar Di, mai kwamfuta mai haihuwa. Aka yanka rago, aka ci, aka sha, Kurege ya tafi da cinya. Ita kuwa Kura daga ranar ko sunan ɗakin ba ta faɗa, wai kunyar ɗan fari. Sai dai ta ce "yaron nan".

To ɗakin ɗan mitsitsi ne, da gangan ya yi shi haka. Kafin kasuwa ta zagayo ya cika. Kura ta dawo. Kurege ya duba ya ce, "Ikon Allah, an samu ƙani." Ya danna nan, ya danna can. Aka yanka rago, aka ci, aka sha, Kurege ya tafi da cinya. Haka, haka, har garke ya fara yin fili, shi kuwa Kurege ya yi ƙiba, ramin gidansa sai da ya faɗaɗa ƙofa.

Ana nan sai Biri ya sayo irin kwamfutar. Kun san Biri, hannunsa ba ya zama, kamar na Shekarau. Ya yi ta taɓe-taɓe har baƙin filin nan ya zama ɗaki guda, ƙato, ko kaza bai yanka ba. Ya tarar da Kura a bakin rijiya, ya gaya mata, yana dariya har da birgima.

Kura ta ajiye tulu ta nufi gindin kuka. Kurege ya hango ta ya zura da gudu zai shige rami, ƙiba ta tokare shi a ƙofa. Ta kamo wutsiya ta zaro shi.

Ta ce, "Raguna nawa ka ci mini?"

Ya ce, "Ai ba ni kaɗai na ci ba, Yaya."

Ta ce, "Duk suna cikinka. Yau zan maido su cikina."

Ta buɗe baki. Kurege ya ga haƙora, ya ji warin jiya. Ya ce, "Ci, Yaya, halalinki ne. Abu ɗaya ne ke damuna. Gobe in an tambaye ki me Kurege ya yi, me za ki ce?"

"In ce ka cuce ni."

"Sai ki ce wa Zaki da Giwa da suka zo da gudummawa, kin tara su sunan abin da ba kowa ba. Sai maroƙan nan su sake waƙa. Kin san bakinsu. Uwar Di za ta koma uwar iska."

Bakin Kura ya ɗan rufe.

Kurege ya ce, "Ni a ganina ba ke ce abin dariya ba. Ke kin yi wa naki gata. Wane ne ya shigo da ɗaki cikin gidansa ba goro, ba rago, ba shaida, kamar ɗan tsintuwa?"

Kura ta ce, "Biri."

"Ni ban faɗa ba."

Ta sauke shi, har da kakkaɓe masa riga. Ranar kasuwa ta tsaya tsakiyar mutane ta ce ita dai 'ya'yanta ba za su yi wasa a gidan da ake ajiye ɗaki marar suna ba. Kafin azahar magana ta gama daji. Surukar Biri ta zo ta ja shi da kunne har gindin kuka, da rago biyu, ɗaya na suna, ɗaya na jinkiri. Duk mai kwamfuta ya bi layi. Waɗanda tasu ba fili ma suka roƙi Kurege ya duba da kyau.

Shi kuwa duk ragon da aka yanka, kai da ƙafa sai ya aika wa Kura, wai haƙƙin wadda ta fara. Har yau in ka ce mata danna-danna ne kawai, kai za ta cinye.

Ƙurunƙus kan ragon Biri. In ka ga fili ba kowa a cikin kayanka, kada ka tambayi mai jin yunwa yadda za a yi da shi.

Ke Delu, taki ma ban ji an yi mata suna ba. Ni tsohuwa ce, ba ni da haƙoran rago. Kaza ta isa.