Sandar Kura a Rabin Kakar Wasa

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, mun baza kunne.

Da kakar wasan bugun goruba ta kai rabi, Kunkuru alƙali ya ce a kawo sanduna. Wanda tasa ta fi tabon bugu, shi ne gwarzo.

Kura ta hangi ta Zomo duk tabo, tata kuwa sumul. "Wannan ɗan tsurut ɗin zai fi ni?" Ta laɓe ta ciccije sandarta.

Kunkuru ya jujjuya sandar. "Iya Kura, yaushe goruba ta yi haƙora?"

"Wallahi bugu ne, duba!" Ta kai wa goruba duka, sanda ta karye ƙaras.

Zomo ya karɓi kambunsa. Kura ta ƙarasa kakar a bakin fili, tana harararsa.

Ƙurunƙus, kan kusu, ba kaina ba.