Gidan Malama da Gidan Yayanta

Yaya Babba dillalin motoci ne, mai son a gani a yaba, kuma ba ya jin shawarar na ƙasa da shi. Mahaifinsu ya ba shi fili, ya ba ƙanwarsa, malamar firamare, na jikinsa, girmansu ɗaya.

Shi ya fara gini. Ya sallami mai zanen gida, ya ce kowa ya san ɗaki kusurwa huɗu ne. Ya zuba kuɗi a ƙofar waje da ginshiƙai masu ruwan zinare, falo ya cinye rabin filin. Ɗakunan kwana suka matse a baya da 'yan tagogi, ƙofar kicin tana kallon ta banɗaki.

Malama kuwa wata uku tana zama da mai zane. Ta sa tagogi su fuskanci juna don iska ta ratsa, ta ɗaga daɓe saboda ruwan sama, ta bar tsakar gida mai faɗi.

"Wannan gida ne ko aji?" in ji Yaya yana dariya.

"Yaya, a ciki zan zauna, ba a bakin titi ba."

Bayan shekara shida 'yar Malama ta samu gurbin karatun likita, kuɗin ya fi ƙarfinta, ta sa gidan a kasuwa. Shi ma ciniki ya tsaya masa, ya sa nasa. Ya ce mata in ta samu rabin kuɗin nasa ta gode Allah.

Wani mai kantin magani ya zo dubawa da mahaifiyarsa. Suka shiga gidan Yaya da tsakar rana, sai da aka kunna fitila. Tsohuwar ta goge gumi ta ce, "Ɗan nan, fitar da ni."

A gidan Malama kuwa, tsohuwar ta zauna bakin taga, ta cire takalmi, ta ƙi tashi.

"Amma nawa ya fi cin kuɗi," in ji Yaya.

"Na yarda," in ji mai saye, "sai dai in na saya, rushewa zan fara yi."

Ya biya Malama fiye da abin da Yaya ya yanka wa nasa. Ta kai 'yarta jami'a da kanta, ragowar kuɗin ta sayi sabon fili. Gidan Yaya ya yi wata takwas kafin ya fita, da asara.

Mai karatu, in kana gwada farashin gidaje, kada girman fili da adon ƙofa su ruɗe ka. Shiga ciki ka duba haske, iska da tsarin ɗakuna, domin a nan darajar gida take. In kuma gini za ka yi, saurari masu sani.