Wa Zai Ci Kuɗin Ruwan?

Wani jami'in lura da bankuna ya kawo wa Hajiya Tabawa, shugabar ƙaramin bankin Musulunci na 'yan kasuwa, dokar da aka kwafo daga ƙasar waje.

Ya ce, "Dole ku ajiye jingina a asusun gwamnati, ta riƙa tara kuɗin ruwa. Kuka taɓa ruwan kuwa, mun rufe ku, tunda bankin Musulunci ne."

Ta ce, "To, ranka ya daɗe, mun bar maka ruwan."

"Subhanallahi! Cin hanci? A ɗaure ni?"

"To gwamnati ta riƙe."

"Doka ta ce na mai ajiya ne."

"Ashe kai ka tilasta mana haram. Taso mu je gaban limaminku ka maimaita."

Jami'in ya share gumi ya ce, "Hajiya, dokar nan fa ba ta gama isowa ba tukuna."