Zanen da Tabawa Ta Yi da Hannu Mai Rawa

A zamanin da dawa ta fi gari yawa, fari ya koro wasu mutane daga arewa. Maharbi Tunau ne ke gabansu, tare da ƙanwarsa Tabawa mai zanen ƙwarya. Suka iso wani tafki mai baƙin ruwa, wanda ko tsuntsu ba ya sauka a bakinsa. Ƙishirwa ba ta bar su sun tambayi dalili ba.

Matar da ta fara tsoma ƙwarya, ruwa ya dare, aka ja ta har da ƙwaryar. Washegari aka ja wata. Tunau, gagara dawa, mai kibiyar da ba ta dawowa banza, ya yi ta harbin ruwan har kwarinsa ya ƙare, ko jini bai gani ba. Tsoro ya kama kowa, aka gane akwai dodo a cikin ruwan. Gaba babu ruwa, baya babu ruwa, yara kuwa sun fara kuka babu hawaye.

Tabawa ta tuna wa yayanta cewa shi ma kan burtu yake ɗaurawa a goshi, namun daji su ɗauke shi tsuntsu, su bar shi ya matso. Ta ce to ƙwarya ma a sa mata kamannin dodon, ya ɗauke ta tasa. Tunau ya ce ai duk wanda ya ga dodon bai dawo ya ba da labari ba.

Ta ce, "Yaya, ɗaura mini igiya a ƙugu. In na yi ƙara, ka ja."

Da rana tsaka ta jefa ƙwarya cikin ruwan, abin ya taso. Ƙarar ma kasa yin ta ta yi, sai da Tunau ya ga ta sandare ya fizgo ta. Gashin kanta ya yi fari fat. Ta sa wuƙa a wuta, ta ƙona abin da ta gani a bayan sabuwar ƙwarya: ido kamar faifai, ƙayoyin gadon baya, da wutsiya a naɗe. Hannunta rawa yake yi, layukan duka suka fito a karkace.

Ita da kanta ta kai ƙwaryar tafkin. Ruwan ya motsa, ya kewaye ta, sannan ya kwanta. Ranar kowa ya sha ya ƙoshi.

Sai ga wani masassaƙi, Gagare, irin mutanen nan da ba a yin abu su ga ya yi. Ya ce wannan ai tonon kaza ne. Ya zauna a inuwa hankali kwance, ya kwaikwayi zanen a wata ƙwarya, ya miƙe layukan tsaf, ya ba matarsa ƙwaryar ta ɗebo ruwa. Ba a sake ganin matar ba.

Nan Tabawa ta buɗe baki ta ce, "Ba kyan zane dodon yake dubawa ba. Hannun da ya ji tsoronsa yake ganewa."

Garin da suka kafa ana kiransa Tafkin Tabawa, alamar tana kan ƙofar gari da kowace ƙwaryar ɗiban ruwa. Har yau ba a ba mai zane wuƙa sai an tsayar da ita a bakin tafkin ita kaɗai, babu igiya, har hannunta ya fara rawa.