Makullin da ke Wayar Hambali

An ce wai a wani gari da ɓarayin daji suka addaba, an yi wani alƙali, Malam Ɗahiru, mutum ne da ba ya gaggawar magana. Sunan garin ya ɓace mini, amma abin da ya faru yana nan a raina.

A garin akwai wata dattijuwa, Tabawa, ɗanta ɗaya ne a duniya, Hambali, mai fataucin hatsi. Zazzaɓi ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ya bar mace da yara ƙanana.

Ana zaman makoki sai ƙanin mahaifinsa, Malam Ilu, ya ɗauki wayar mamacin don ya sanar da abokan cinikinsa. Ya ga wata 'yar alamar makulli a saman gilashin. Da ya tambaya, aka ce masa ai VPN ce, manhajar da ke lulluɓe duk abin da mutum yake yi a intanet, har garin da yake zaune takan ɓoye.

Malam Ilu ya fita majalisar ƙofar masallaci ya ce, "Ni dai abin ya ɗaure mini kai. Kullum yana hanyar ƙauye, kullum ana tare mutane, shi ba a taɓa tare shi ba. In ba ka da abin ɓoyewa, rufin na mene ne?"

Bai ce infoma ba. Gari ne ya ƙarasa masa. Tabarmin makoki suka zama wayam, maƙwabta suka daina aiko da abinci, yaran suka dawo daga makaranta suna kuka, wai an ce ubansu ne ke kai wa ɓarayi rahoto.

Tabawa ta ɗauki mayafinta ta tafi gaban alƙali. Ba Malam Ilu ta kai ƙara ba. Ta kai Tasi'u ne, mai kamfanin da ke sayar da manhajar a birni.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, a sa shi ya buɗe. A karanta duk inda yaron nan ya shiga, a gaban kowa. Na san abin da na haifa."

Tasi'u ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, da akwai abin buɗewa, wallahi da na buɗe miki. Aikinmu kamar rami ne a ƙarƙashin ƙasa, mutum ya shiga ta nan ya fita ta can, na kan hanya ba ya ganinsa. Mu ma ba ma rubuta wanda ya wuce, ba ma rubuta inda ya je. Ko sunansa ba mu tambaya ba ranar da ya saya. In layin ya yanke, manhajar takan tsayar da komai don kada wani abu ya zube a fili. Fatake na saye saboda masu leƙen asusun mutane. Mata na saye don su tambayi likita abin da suke jin nauyin faɗa."

Alƙali ya sa masana suka duba, suka dawo suka ce gaskiya ya faɗa, babu komai a ajiye.

Nan Tabawa ta zauna a ƙasa. Abin da ta zo nema don ya wanke ɗanta babu shi, kuma ba za a taɓa samunsa ba. Malam Ilu, da aka kira shi shaida, ya ce, "To kun gani? An share sawu."

Alƙali ya auna maganar. In ya sallami ƙarar, zargi ya zauna a kan mamaci har abada. In ya matsa wa Tasi'u, ya nemi abin da babu. Can ya ɗago ya ce, "Malam Ilu, wa ya yi wa Hambali wanka?"

"Ni ne, Allah ya gafarta Malam. Ɗana ne ai."

"Da za ka wanke shi, me ka fara yi?"

"Na shimfiɗa masa zane daga cibiya zuwa gwiwa, na naɗe hannuna da ƙyalle, na wanke ta ƙarƙashi, yadda ake yi."

"Ka ɗaga zanen ka duba?"

"A'uzu billahi! Wa ke yin haka?"

"To wane laifi ka ɓoye a ƙarƙashinsa?"

Malam Ilu ya ce, "Laifi kuma? Ai mutuncinsa ne."

Alƙali ya ce, "Kai ka ce ba a rufi sai da abin ɓoyewa. In haka ne, kai ne na ƙarshe da ya rufe shi, kai za ka faɗa wa kotu abin da ka gani. In kuwa ana rufe mutum don mutuncinsa kawai, me ya sa rufin da ka yi masa ya zama ibada, wanda ya yi wa kansa ya zama shaidar ta'addanci? Ka suturta jikinsa da hannunka, ka fita ka tuɓe shi da bakinka."

Malam Ilu ya sa hannun riga ya rufe fuska, aka ji dattijo yana shessheƙa.

Alƙali ya yanke cewa Tasi'u ba shi da laifi. Malam Ilu kuwa zai tsaya a majalisar da ya yi maganar, bayan sallar Juma'a, ya ce bai ga komai ba, bai san komai ba, sannan ya ja mutane zuwa gidan su yi ta'aziyyar da suka fasa. Duk wanda ya sake kiran yaran da sunan nan, ya zo da shaida ko ya zo da belinsa.

Aka yi haka, mutane suka dawo, wasu da kunya, wasu da kwanon tuwo.

Amma kafin a watse daga kotu, Tabawa ta tare Tasi'u a bakin ƙofa ta ce, "Ɗan nan, ba don shari'a ba. Ko kalma ɗaya tasa ba ta rage a wurinka ba? In ji kawai."

Ya ce, "Ko ɗaya, Inna. Ki yafe mini."

Ta gyaɗa kai ta tafi. Duk wadda ta binne ɗa ta san nauyin wannan tafiya.

Abin da ke cikin wannan labari shi ne, rufi ba shaidar laifi ba ne, kuma wanda ya mutu ba shi da bakin kare kansa, sai wanda masu rai suka ara masa.