Dakan Lantana da Dije a Gidan Yari

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata rana ragon sarki ya ɓace. Sai aka ce 'yan'uwa biyu masu sayar da fura a ƙofar fada, Dije da ƙanwarta Lantana, su suka ɗauke shi. Sai aka kai su gidan yari, aka raba su, katanga a tsakani. Aka ba kowacce turmi da gero, aka hana su magana.

Lantana ta kasa zama, ta kasa tsayawa. Ta je bakin ƙofa, ta dawo, ta sake komawa.

Sai Yari, mai tsaron gidan, ya leƙo ya ce, "Yayarki ta ce ke kika saci ragon. Ki ce ita ce, in sake ki."

Sai Lantana ta ɗauki taɓarya. Tun suna yara suke da dakansu: bugu da sauri tambaya ce, bugu mai nauyi a hankali kuwa a'a ne. Ta yi na sauri. Sai ta ji daga bayan katanga, dim, dim, a hankali. Ta ce, "Baba Yari, ban san komai ba."

Washegari Yari ya ce, "Ta rantse a kanki." Lantana ta daka, Dije ta amsa, a'a.

Rana ta uku Yari ya gane, sai ya ƙwace taɓaryar Dije. Ya zo ya ce, "Ta tafi gida, ta bar ki."

Lantana ta daka. Shiru. Ta sake dakawa har gero ya zube. Shiru. Ta zagaya ɗakin, ta kasa kunne, ta yi kuka. Har ta buɗe baki za ta kira Yari, sai ta ji katanga na amsawa can ƙasa-ƙasa, dim, dim. Sai ta rufe bakinta.

Ana nan sai aka tsinci ragon a tsohuwar rijiya. Aka sake su. Lantana ta kama hannun Dije, ta ga ya kumbura, fatar ta sale.

Ta ce, "Yaya, me ya same ki?"

Dije ta ce, "Katangar nan da tauri take. Mu je gida."

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare. In an kawo muku zance a kan ɗan'uwa, ku ji daga gare shi tukuna.